YADDA AKE KAFA SHAFIN INTANET DA YADDA AKE RIƘE SHI: Bayani ga Hukumomi, Makarantu da Ƙungiyoyin Jama'a

GABATARWA

Tun zamanin dā, ko wace sanarwa da za a kai wa jama'a tana da mai ita. A ƙasar Katagum, wadda Malam Zaki ya kafa sarautarta a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, magana takan fito daga fada ta bi ta hannun hakimi, daga nan ta isa ga dagaci da mai unguwa, sa'an nan mai shela ya kewaya da ita kasuwa da ƙofofin gidaje. Wanda ya ji ta ba ya tababa, domin ya san bakin da ta fito, ya kuma san ƙafar da ta kawo ta. Ko da aka ta da hedkwatar masarautar daga garin Katagum aka mai da ita Azare a shekarar 1916, wannan tsari bai rushe ba, sai dai takarda da hatimi sun ƙara ƙarfi a cikinsa. Daga baya jarida ta zo, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, rediyo ya bazu, allon sanarwa kuma ya zama abin da ba a raba shi da ƙofar ofis.

A yau Azare gari ne na ilmi da ciniki. Akwai Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, akwai Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya wadda aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar Jihar Bauchi a Gadau, ba nisa da garin. Ɗalibin da ke neman gurbin karatu a ɗaya daga cikinsu yana iya kasancewa a Sakkwato ko Ilori ko Yola, ba kuwa zai hau mota ya zo Azare don ya duba allo ba. Wayarsa zai ɗauka ya nemi shafin makarantar a intanet. Idan ya tarar da labarin bara, ko bai tarar da kome ba, sai ya koma ga jita-jita, a nan ne kuwa 'yan damfara suke jiransa.

Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi, domin a bayyana wa shugabannin makarantu da asibitoci, da sakatarorin ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, yadda ake fara shafin intanet ta hanyar manhajar kula da shafi. Farawa ba ta da wuya. Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne riƙewa, shi ne kuma aka fi mai da hankali a kansa a nan.

MECE CE MANHAJAR KULA DA SHAFI?

Wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ne ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a shekarar 1989, sa'ad da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba. A shekarun farko, duk wanda yake so ya sa rubutu a shafi tilas ne ya iya wani irin rubutu na alamomi da ake kira HTML, wanda shi ke gaya wa kwamfuta inda kanun magana yake da inda hoto zai zauna. Ko waƙafi ɗaya za a gyara, sai an nemo gwani. Idan gwanin ya yi tafiya, shafi ya tsaya cik.

Manhajar kula da shafi ta zo ne don ta kawar da wannan matsala. Aikinta shi ne ta raba abin da aka rubuta da kamannin da zai fito da su. Rubutu da ranar da aka yi shi da sunan wanda ya yi shi duka suna shiga wani ma'aji da ake kira rumbun bayanai. Launi da tsarin layuka da wurin tambarin hukuma kuwa suna cikin wani abu dabam, wanda za a iya kiransa rigar shafi. Duk lokacin da mai karatu ya buɗe shafin, sai manhajar ta ɗebo rubutun daga rumbu, ta sa masa riga, ta miƙa masa. Ta haka akawun da ya iya buga wasiƙa a kwamfuta zai iya buga sanarwa, ba tare da ya san HTML ba. Haka kuma ana iya sauya rigar gaba ɗaya, rubutun shekara goma bai motsa ba.

Shafin da aka gina ta wannan hanya yana kama da gidan Bahaushe, yana da zaure yana da cikin gida. Zaure shi ne abin da kowa yake gani idan ya buɗe adireshin. Cikin gida kuwa shi ne inda ake rubutu da gyara da ajiya, ba mai shigarsa sai wanda aka ba suna da kalmar sirri.

WAƊANNE MANHAJOJI NE SUKA FI SHAHARA?

Uku ne aka fi sani. Drupal ta fito a 2001 daga hannun Dries Buytaert, ɗan ƙasar Beljiyam. Tana da ƙarfi wajen ɗaukar babban aiki mai rassa da yawa, amma tana bukatar gwani a kusa. WordPress ta fito a watan Mayu na 2003, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila suka fara ta. Joomla kuwa ta biyo baya a 2005. Dukansu kyauta ne. An sake su a kan sharaɗin cewa kowa yana da izinin ya ɗauka, ya yi aiki da su, ya gyara, ya kuma ba wani.

A cikin ukun WordPress ce ta fi yaɗuwa. A shekarar 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya da ita suke aiki. Kada a ɗauka kyautar da take ta rage mata daraja: shafin fadar Shugaban Amurka ya hau Drupal a 2009, sa'an nan ya koma WordPress a 2017. Ga ƙaramar hukuma ko makaranta a Azare, babban amfanin WordPress shi ne yawan waɗanda suka iya ta. Idan mai kula da shafi ya bar aiki, ba a rasa wani a Bauchi ko Kano da zai ɗora daga inda ya tsaya. Don haka misalan da ke cikin wannan littafi daga gare ta aka ɗauko su, ko da yake ƙa'idodin sun shafi dukan ukun.

Akwai abu ɗaya da yakan rikitar da masu farawa. WordPress.org shi ne inda ake samun manhajar kanta kyauta, mutum ya kai ta masaukin da ya ga dama. WordPress.com kuwa kamfani ne mai zaman kansa ke tafiyar da shi, yana ba da masauki bisa nasa sharuɗɗa. Hukumar da take so kome nata ya kasance a hannunta, hanyar farko ta fi dacewa da ita.

ABUBUWA UKU DA AKE TANADA KAFIN A FARA

Na farko, adireshi. Wannan shi ne sunan da mutane za su rubuta su iso shafin. Ko wace ƙasa tana da alamarta a ƙarshen adireshi, ta Nijeriya ita ce .ng, ƙungiyar NiRA wadda aka kafa a 2005 ita ke kula da rajistarta. A ƙarƙashinta akwai rassa. Reshen .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai, ba a ba da shi sai da amincewar Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA. Reshen .edu.ng na manyan makarantu ne, .sch.ng na makarantun firamare da sakandare, .org.ng an yi shi ne domin ƙungiyoyi, .com.ng kuwa domin 'yan kasuwa. Ana yin rajista ta hannun kamfanonin da NiRA ta amince da su. Suna ya zama gajere, mai sauƙin faɗi a rediyo, a kuma rubuta shi ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, don kowa ya iya buga shi a kowace irin waya.

Wajibi ne a lura da cewa adireshi ba a sayensa a mallake shi har abada. Haya ce ta shekara-shekara. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, sai shafin ya ɓace, bayan ɗan lokaci kuma a saki sunan, wani ya iya ɗauka.

Na biyu, masauki. Shafi yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, kamfanoni ke ba da hayar wuri a cikinta. Wannan ne ya sa ko an ɗauke wutar lantarki a Azare, mai karatu a Legas yana ci gaba da ganin shafin. Kafin a biya kuɗi, a tambayi kamfanin abu huɗu: ko masaukin yana ɗaukar PHP da rumbun bayanai irin na MySQL ko MariaDB, waɗanda WordPress ba ta aiki sai da su, ko suna ajiye kwafin shafi, kuma sau nawa, ko ana samunsu a waya idan abu ya lalace, da kuma nawa ne kuɗin shekara ta biyu, domin waɗansu sukan rage na shekarar farko su ɗora a ta gaba. Game da hukumomin gwamnati, ƙa'idodin da NITDA ta fitar a 2013 sun bukaci a ajiye bayanan gwamnati a masauki na cikin ƙasa.

Na uku, mutum. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Kafin a kashe ko kwabo, sai shugaba ya zaɓi ma'aikaci ɗaya tsayayye da mataimakinsa, a rubuta a takarda cewa kula da shafi yana cikin aikinsu. Gonar da kowa yake cewa tasa ce, ba mai yi mata noma.

MABUƊI YA ZAUNA A HANNUN MAI GIDA

Yawancin hukumomi da ƙungiyoyi ba su da wanda zai gina musu shafi a cikin ma'aikatansu, sai su ɗauko ɗan kwangila. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne idan ɗan kwangilar ya yi rajistar adireshi da sunansa da lambar wayarsa, ya riƙe kalmar sirri, ya miƙa wa hukuma shafi mai kyan gani kurum.

A ɗauki misalin wata makarantar sakandare mai zaman kanta. An yi mata shafi, an buga adireshin a jikin motar makaranta da kan takardun sakamako. Bayan shekara guda wa'adin rajista ya cika. Saƙon tuni ya tafi wurin ɗan kwangila, shi kuwa ya riga ya bar garin, ya sauya lamba. Shafi ya mutu. Idan aka yi rashin sa'a, wani ya ɗauki sunan ya buɗe shafi da tambarin makarantar, ya sa lambar asusunsa na banki, iyaye kuma su biya kuɗin fom suna ganin makaranta suka biya. Makaranta ta yi hasarar suna, iyaye sun yi hasarar kuɗi, asalin abin kuwa bai wuce layi ɗaya a takardar rajista ba.

Don kauce wa haka, a sa waɗannan sharuɗɗa a cikin yarjejeniya tun kafin a biya kuɗin kafin alƙalami:

1. Rajistar adireshi ta kasance da sunan hukuma ko ƙungiya, da adireshin imel na ofis wanda ba na mutum ɗaya ba.

2. Hayar masauki ita ma da sunan hukuma, rasit kuma ya shiga fayil.

3. Ranar miƙa aiki, ɗan kwangila ya ba da dukan kalmomin sirri, a gwada su a gabansa, sa'an nan a sauya su bayan ya tafi.

4. Ya koya wa ma'aikatan nan biyu yadda ake buga sanarwa da yadda ake ɗaukar kwafi, har sai sun yi da hannunsu.

5. Kada a biya cikon kuɗi sai an cika waɗannan huɗu.

Bayan haka, a rubuta kalmomin sirri na adireshi da na masauki, a rufe su a ambulan, a sa a akwatin ƙarfe na ofis. A rubuta ranar ƙarewar rajista a kalandar ofis, a kuma sa kuɗin sabuntawa a cikin kasafin ko wace shekara, kamar yadda ake sa kuɗin wuta da na ruwa.

AIKIN RANAR FARKO

Yawancin kamfanonin masauki suna da wurin da ake dannawa manhajar ta sauka da kanta cikin 'yan mintoci. Za a tambayi sunan shafi, da sunan mai gudanarwa, da kalmar sirri. Da an gama, ƙofar cikin gida takan kasance adireshin shafin ne da aka ƙara wa /wp-admin a ƙarshe.

Abin da za a fara yi shi ne a daidaita agogon shafin da lokacin Nijeriya, domin ranar da ke kan sanarwa ta zama daidai. Sa'an nan a tabbatar adireshin yana farawa da https, wanda shi ke nuna cewa abin da ke wucewa tsakanin mai karatu da shafi a rufe yake, ba mai leƙa shi a hanya. Ana samun takardar shaidar da ke ba da wannan kyauta daga Let's Encrypt, yawancin masu masauki kuma sukan haɗa ta da kansu.

Daga nan sai zaɓen riga. A zaɓi mai sauƙi, a kuma gwada ta a ƙaramar waya, ba a babbar kwamfutar ofis kaɗai ba, domin yawancin masu karatu a ƙasar nan da waya suke shiga intanet.

Rubutu iri biyu ne a WordPress, sanin bambancinsu kuwa yana rage wahala ƙwarai. Akwai tsayayyen shafi, na abin da ba ya sauyawa kullum: tarihin hukuma, aikinta, inda ofishinta yake, lokacin buɗewa da na tashi, da lambar waya mai aiki. Akwai kuma rubutu mai kwanan wata, wanda sabo yake hawa kan tsoho: sanarwar ɗaukar ɗalibai, ranar rigakafi, ranar rabon taki, sakamakon taro. Shi wannan na biyu ana kasa shi rukuni-rukuni don a sauƙaƙa nema. Tun daga watan Disamba na 2018, wurin rubutu na WordPress yana aiki ne kamar jera tubali: sakin layi tubali ɗaya, hoto tubali ɗaya, jadawali tubali ɗaya, ana iya ɗaga kowane a mai da shi sama ko ƙasa.

Manhajar tana ajiye daftari har sai an shirya fitar da shi, tana riƙe tsofaffin kwafin ko wane rubutu don a iya komawa idan an yi kuskure, tana kuma iya riƙe sanarwa ta sake ta a ranar da sa'ar da aka ƙayyade mata.

Game da hotuna, a ji tausayin mai karatu. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait uku ko fiye. Manomi a Madara ko Chinade, inda sabis ba ya da ƙarfi, zai daɗe yana jira, datarsa kuma tana ƙonewa. A rage nauyin hoto kafin a ɗora shi. Kada kuma a ɗauki hoton takardar sanarwa a liƙa shi kurum. A buga maganar da haruffa, domin mai nema ya same ta, makaho kuma manhajar da ke karanta masa rubutu ta iya karanta masa.

RABON AIKI A CIKIN GIDA

WordPress tana da matsayi biyar, ko wane da iyakar ikonsa. Mai gudanarwa yana iya yin kome, har da rushe shafin gaba ɗaya. Edita yana iya gyara rubutun kowa ya fitar da shi, amma ba ya taɓa ginin. Marubuci yana fitar da nasa rubutun kaɗai. Mai ba da gudummawa yana rubutawa, amma rubutunsa ba ya fita sai edita ya duba. Na biyar mai rajista ne kurum, ba ya rubuta kome.

Wannan tsari ya yi daidai da yadda ofis yake aiki tun dā: akawu ya rubuta, babba ya duba ya sa hannu, sa'an nan takarda ta fita. A asibiti, alal misali, ma'aikacin ko wane sashe yana iya zama mai ba da gudummawa, jami'in watsa labarai ya zama edita. Masu gudanarwa kada su wuce biyu. Kowa ya shiga da sunansa, domin in an haɗu a kan suna ɗaya, ranar da kuskure ya fita ba za a san mai shi ba. Duk ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, a rufe ƙofarsa ran nan.

RUBUTUN HAUSA A SHAFI

Sanarwar da aka yi domin mutanen Katagum, in an rubuta ta da Turanci kaɗai, rabin aiki aka yi. Waɗannan manhajoji duka suna aiki da tsarin haruffa na duniya da ake kira Unicode, wanda ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, har da haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su. Saboda haka babu sauran dalilin barin lanƙwasa. Barinta kuwa yana sauya ma'ana: baƙi dabam baki dabam, ƙafa dabam kafa dabam, haka ɗaura da Daura. Allon rubutu na Gboard a waya yana da Hausa, kwamfuta mai Windows ita ma tana da shi, sai dai a shiga a zaɓa.

Abin lura ɗaya ne. Ba ko wane salon haruffa ne yake da masu lanƙwasa ba. Idan rigar da aka zaɓa ba ta da su, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a inda ƙ take, ko ya ga harafin ya fita dabam da 'yan'uwansa. A gwada da jimla mai ɗauke da dukansu, manya da ƙanana, tun kafin a tsai da shawara a kan riga.

TSARO DA KIYAYEWA

Kada wata ƙungiya ta ce ita ƙarama ce, ba mai kula da ita. Masu kutse ba sa zaɓe. Sukan saki manhajoji ne su kewaya intanet dare da rana suna taɓa ko wace ƙofa, wadda suka tarar a buɗe su shiga, su cika shafin da tallar caca ko su mai da shi tarkon satar bayanan banki. Rigakafi ya fi magani, ga kuwa rigakafin:

Kalmar sirri ta zama doguwa, kada ta kasa haruffa 12, kada kuma ta zama sunan gari ko na hukuma ko shekarar haihuwa. Inda hali ya yi, a ƙara mataki na biyu, watau lambar da ke fitowa a wayar mai shiga.

A riƙa sabunta manhaja. Tun daga 2013 WordPress tana iya saukar da ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta, amma riga da 'yan ƙananan manhajojin da ake ƙara mata don wani aiki na musamman, kamar fom ko jadawali, suna bukatar a riƙa duba su. Ta wurin waɗannan ƙananan ne ɓaraka ta fi yawa. A sa kaɗan, a cire wadda ba a aiki da ita, a kuma guji kwafin sata na manhajar kuɗi da ake rabawa kyauta, domin sau da yawa an cusa masa mugun abu.

A riƙa ɗaukar kwafin ajiya. Kwafi ba ya cika sai da kashi biyu, watau fayiloli da rumbun bayanai. A ajiye ɗaya a wani wuri dabam da masaukin, kamar yadda manomi ba ya zuba iri da abinci a rumbu guda. Lokaci-lokaci kuma a gwada mai da shi, don a tabbatar yana aiki.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin bayyana ayyukansu ga jama'a ta hanyoyi dabam-dabam, har da intanet. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuwa ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa duk mai karɓar bayanan mutane ya faɗi dalilin karɓa, ya kuma tsare su. Saboda haka kada makaranta ta baza lambobin wayar ɗalibai a zaure, kada asibiti ya sa hoton majinyaci ba da izninsa ba, kada fom ya tambayi abin da ba a bukata. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai kutse da mai yin sojan gona da sunan wani. Hoto da rubutun da aka gani a wani shafi kuma suna da mai su, ba a ɗauka sai da izini.

GA MAI KARATU

Wanda ba shi da niyyar kafa shafi, shi ma yana da rabo a wannan bayani. Tun da yake manhajar kyauta ce, mai gaskiya da maƙaryaci duka suna iya ɗauka, tambarin hukuma kuma ba ya wuyar kwafa. Abin da ke da wuyar samu shi ne reshen adireshi da aka keɓe. Duk shafin da ya ce shi na gwamnati ne yana ɗaukar ma'aikata, a dubi ƙarshen adireshinsa ko .gov.ng ne. Wanda ya ce shi na jami'a ne ko kwaleji, a duba ko .edu.ng ne. Alamar https kaɗai ba ta isa shaida ba, domin ɗan damfara ma yana iya samunta. Idan aka ce a tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa, a tsaya, a je ofis a tambaya.

KAMMALAWA

Ana iya kafa shafi a wuni ɗaya, amma amincin jama'a ba ya samuwa sai sun buɗe shi yau sun ga gaskiya, sun koma bayan wata uku sun sake ganin gaskiya. Don haka ana kira ga shugabannin hukumomi da makarantu da ƙungiyoyi, a Azare da Katagum da sauran sassan ƙasar nan, waɗanda suka riga suka mallaki shafi, su bincika abu uku a cikin makon nan: da sunan wa aka yi rajistar adireshin, wace rana wa'adinsa zai cika, kuma yaushe aka ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe. Waɗanda ba su fara ba kuwa, su fara da zaɓen mutumin da zai riƙe mabuɗi.